Darasin muhalli a ajin injiniya: ta ina za a kama?

"Assalamu alaikum Malam. Ni sabon malami ne a wata babbar makaranta a nan Maradi. Bana aka ɗora mani darasin ilimin muhalli da ci gaba mai ɗorewa, awa 30, ga ƴan shekara ta biyu na lisans, masu karatun gine-gine da masu karatun lantarki a haɗe. Na shirya takarduna da kyau: ɗumamar yanayi, yarjejeniyar Paris, muradun nan 17 na Majalisar Ɗinkin Duniya. Amma ɗaliban ba su ɗauki darasin a bakin komai ba. Rabi ba sa zuwa, masu zuwan kuma lissafin wani darasi suke yi a bayan aji. Wani ma ya faɗa mani a fili cewa wannan karatun ƴan poroje ne, ba na injiniya ba. Ba mu da labo, ba mu da motar fita. Don Allah, ku da kuka daɗe cikin harkar, ta ina zan kama?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya taya ka riƙo, ya sa albarka a cikin aikin.

In na fahimce ka, tambayarka biyu ce a haɗe: me za ka zuba cikin awa 30, da kuma yadda za ka sa yaron da ya zo koyon lissafin rodi da siminti ya yarda cewa darasin nan nasa ne. Ta biyun ita ce uwa, don in ta warware, ta farkon ba za ta ba ka wahala ba. Ni ɓangaren ruwa na karanta, na yi aikin foraj da magudanai kafin in koma aji, saboda haka misalaina za su fi karkata can. Sai ka auna su da naka fannin.

Kada ka ji haushin yaron da ya ce karatun ƴan poroje ne. Abin da idonsa ya gani ya faɗa. Dubi yadda yininsa yake. Da safe malamin ƙarfin kayan gini ya ba shi nauyi da tsawon ginshiƙi, ya ce fitar mani da kaurin rodi. Amsa ɗaya ce, in ya kuskure gini ya faɗi. Da marece ya shigo wurinka, ka nuna masa ƙanƙarar da ke narkewa a can ƙarshen duniya, ka karanta masa ma'anar ci gaba mai ɗorewa yadda rahoton Brundtland, na wani kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya, ya kawo ta a 1987, ka jero masa muradun 2015 ɗaya bayan ɗaya. Babu abin lissafawa, babu abin da zai iya kuskurewa, babu kuma abin da zai canza a zanen da zai yi gobe. Ga shi makin darasin bai taka kara ya karya ba. Yaro mai wayo zai haddace daren jarabawa, ya wuce abinsa.

Akwai kuma abin da suke ji a ransu ko da ba su furta ba. Hayaƙin kabon da ɗan Nijar ɗaya yake fitarwa a shekara wajen kashi ɗaya cikin goma na tan ne, na Ba'amurke ɗaya kuwa ya haura tan 13. Yaron da gidansu ke kwana cikin duhu, ko ƴar da uwarta ke girki da kara, in ka buɗe musu darasi da cewa a rage hayaƙi, sun san wa'azin ba nasu ba ne. Sauyin yanayi gaskiya ne, kuma muna cikin waɗanda ya fi duka, amma mu a kanmu yake sauka: zafi ya ƙaru, ruwan sama na zuba da ƙarfi cikin ɗan lokaci. Ta wannan fuskar ya kamata ya shigo ajinka, ya zama adadin da zai shiga cikin zane.

Abin da nake so ka riƙe ke nan. A wurin injiniya muhalli sharaɗi ne na aiki, daidai da nauyi da kuɗi da wa'adi. Ba a roƙon ɗalibi ya so ƙarfin jawowar ƙasa, lissafa shi ake sa shi ya yi. Haka za ka yi da ruwa da ƙasa da iska da shara. Maganar amana da hana ɓarna kuwa, ɗalibanka sun sha jin ta a masallaci da makarantar allo, daga bakin waɗanda suka fi ni da kai iya faɗarta, kuma sun yarda da ita. Abin da ba su iya ba shi ne auna ɓarnar tun tana kan takarda.

Ka fara da Tibiri

Ranar farko kada ka kawo ma'anar komai. Ka ba su labarin ruwan Tibirin Gobir, wadda ke nan ƴan kilomita kaɗan daga ajinku. A tsakiyar shekarun 1980 aka haƙa wa garin foraj mai zurfi. In da ma'aunin da muka saba za a auna aikin, ya yi kyau: an samu ruwa, yana da yawa, garau yake, ba wari ba ɗanɗano, famfo na zuba. Shekara da shekaru mutane na sha. Sai aka fara ganin yaran da aka haifa bayan nan haƙoransu sun rine, ƙafafuwansu sun lanƙwashe, wasu ba sa iya tafiya. Sai wajen shekarar 2000 maganar ta fito fili: ruwan na ɗauke da sinadarin fulor fiye da ninki uku na iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa, wato miligiram 1.5 cikin lita. Ɗaruruwan yara suka naƙasa. Ba wanda ya zuba guba, daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa sinadarin yake narkowa.

In ka gama, ka yi shiru, sannan ka tambaye su: a wane mataki ne injiniya zai iya hana wannan? Ka bar su su yi gardama. Za su gano da kansu cewa gwajin da aka fi damuwa da shi lokacin karɓar aiki na yawan ruwa ne da na ƙwayoyin cuta, cewa gwajin fulor kuɗinsa ba komai ba ne in aka kwatanta da kuɗin haƙar, cewa ba sau ɗaya ake gwada ruwa a manta ba. Daga nan ka ba su lissafi. Ga rijiya mai miligiram 5 cikin lita, ga wata mai 0.3, kashi nawa na kowace za a gauraya a shato, wato babban tankin ruwan gari, don a sauko ƙasa da 1.5? Wannan shi ne lissafin shiga da fita, abin da ya shiga daidai yake da abin da ya fita haɗe da abin da ya taru, kuma shi ne ƙashin bayan darasin gaba ɗaya. Duk abin da za ka koyar bayan nan, ko ruwan ƙasa, ko hayaƙin inji, ko dalmar batir, wannan lissafin ne yake dawowa da sabuwar riga.

A ajina na lura ba a cika rasa wanda ya san wani daga cikin waɗannan yaran ba, waɗanda yanzu manya ne. Saboda haka ka yi maganar da ladabi, kada ka nuna hoton kowa, kada kuma ka mai da darasin zaman neman mai laifi. Shari'a ba aikin ajinka ba ce.

Garin da ruwa ya taɓa tayarwa

Masu karatun gine-gine, nasu babban darasin yana ƙarƙashin ƙafafunsu. Tsohuwar Maradi a cikin kwarin Gulbi take. Ambaliyar 1945 ce ta cinye ta, aka tayar da garin aka hau da shi kan tudu. To amma ruwan da ya zuba a kan tudu dole ya gangara kwari, kuma tsakanin tudun da kwarin akwai gangare mai rairayi wanda ba ya jure gudun ruwa. A da, yawancin ruwan nutsewa yake cikin gonaki. Yau ga rufin kwano, ga daɓen siminti a tsakar gida, ga kwalta. Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da 260,000 a birnin, kuma kowa ya ga yadda sababbin unguwanni suka miƙe tun daga lokacin.

Ka sa su lissafa da hannunsu. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan hekta ɗaya kubik mita 10 ne. A ɗauka an yi milimita 60 cikin awa ɗaya a kan unguwa mai hekta 100. In fili ne mai rairayi, wanda kashi 20 cikin ɗari kawai ke gudu, ruwan da zai iso bakin magudana kubik mita 3 da ɗoriya ne a kowace daƙiƙa. In an gine unguwar har kashi 70 ke gudu, ya kusan kai 12. Ruwan saman bai ƙaru da ɗigo ɗaya ba, amma kanibon, wato magudanar da aka zana shekarun baya, yanzu ana neman ya ɗauki ninki uku da rabi na abin da aka yi shi dominsa. Sai ka ce su ƙara kashi 20 a kan ƙarfin ruwan saboda sauyin yanayi, su kuma toshe rabin kanibon da leda da yashi, don haka yake a zahiri. Wanda ya yi wannan lissafin ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan abin da ya faru a garin nan ƙarshen watan Agustan 2024, lokacin da ruwa ya rushe gidaje ya ci rayuka. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Daga nan tambayoyin injiniya na gaske suke fitowa. A faɗaɗa kanibo, ko a tare ruwan tun daga sama? Ɗalibai kusan kullum kankare suke fara zaɓa, kuma kankare mai santsi ƙara wa ruwa gudu yake, ya je ya ɓarke ƙasa a inda ya ƙare, ya haifi kwazazzabo a bayan gidan talakan da ke ƙasa. Ka sa su kwatanta da ramukan nutsar da ruwa, da shimfiɗar duwatsun hanya masu barin ruwa ya ratsa, da tara ruwan rufi. Rufi mai murabba'in mita 100, a garin da ke samun wajen milimita 500 a shekara, lita 50,000 ke sauka a kansa. Kowace dabara da kuɗinta, da mai kula da ita, da ranar da za ta lalace, kuma su rubuta duka ukun.

Gulbin kansa wani darasi ne. Daga Najeriya yake fitowa, kuma tun da aka gina madatsar Jibiya a jihar Katsina wajen 1990, ruwan da ke isowa Madarunfa da Maradi ya canza. Aikin injiniya ne mai amfani ga waɗanda ke sama, masu fadama a ƙasa kuma suka ji a jikinsu. Ba sai ka ce wane ne da gaskiya ba. Ya isa ɗalibi ya gane cewa iyakar zanensa ba ita ce iyakar tasirin aikinsa ba.

Masu lantarki fa?

Su ne suka fi ganin darasin bai shafe su ba, ko kuma su ɗauka da an ce hasken rana magana ta ƙare. A nan za ka ji daɗinsu. Kowa a ajin ya tuna watan Agustan 2023, lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, wadda a lokacin ita ce wajen kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasar ke amfani da shi. Ba ka bukatar shawo kansu cewa dogaro da layi ɗaya haɗari ne. Ka kuma tuna musu cewa binciken makamashin rana ba baƙo ba ne a ƙasar nan: Farfesa Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, tun shekarun 1960 yake wannan aikin. Ga tashar Malbaza mai megawat 7 tun 2018, ga ta Goru Banda mai megawat 30 tun 2023.

Sannan ka kawo musu zafin Maradi. Ƙarfin da aka rubuta a bayan farantin hasken rana a digiri 25 aka auna shi, kuma kowane digiri ɗaya a sama da haka yana rage masa wajen kashi 0.4 cikin ɗari. Farantin da ya kai digiri 65 da tsakar ranar watan Afrilu ya yi asarar wajen kashi 16 tun kafin a yi maganar ƙurar hunturu. Batir mai dalma kuwa, ƙarin digiri 10 a ɗakin da yake zaune yana iya raba kwanansa biyu. To in ya mutu, ina za shi? Fiye da rabin nauyinsa dalma ce. Ka tura su su bi sawun mataccen batir ɗaya daga gidan da ya mutu har inda ya ƙare: wa ya saya, ina aka zubar da ruwansa, wa ya fasa shi, a tsakar gidan wa, yara na wasa a wurin ko a'a. Abin da dalma ta yi wa ƙananan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda sama da 400 suka mutu, ta hanyar niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje ta zo, amma dalma ɗaya ce.

Misalin da na fi so shi ne famfon ban ruwa mai aiki da rana, don shi ne yake rikita masu ganin duk abin da aka ce na zamani ne to alheri ne zalla. Lokacin da mai lambu ke sayen mai, tsadar man ce ke sa shi kashe inji. Da rana ta zama kyauta, babu abin da ke tsayar da shi. Ka ba su adadi na gwaji: famfo 100, kowane na jan kubik mita 10 a awa, awa 7 a yini, kwana 150 na rani. Ya haura kubik mita miliyan ɗaya. In a misali ruwan da ke nutsewa ya koma ƙasa milimita 20 ne a shekara, ana bukatar fili sama da hekta 5,000 kafin a mayar da abin da aka ja. Su fitar da wannan da kansu, sannan su je Jiratawa ko kowane lambu da ke bakin Gulbi su tambayi tsofaffin masu lambu gaba nawa ake samun ruwa a da, gaba nawa yanzu. Ba cewa nake a hana famfon ba, ya fitar da gidaje da yawa daga wahala. Cewa nake mai zana shi ya san cewa girman faranti ba shi kaɗai ne lissafin ba.

Gini da ƙasa ba sai ka daɗe a kansa ba, amma kada ka tsallake. Lissafin siminti layi ɗaya ne: kilo 100 na farar ƙasa in an gasa yana ba da kilo 56 na abin da ake so, kilo 44 ya tashi iska a matsayin hayaƙin kabon, ban da man da aka ƙona. Sai dai abin da zai fi kama su shi ne ma'aunin zafi. Su sa ɗaya a ɗakin bulo mai rufin kwano, ɗaya a soron ƙasa, su rubuta awa-awa yini guda, masu lantarki kuma su lissafa wutar da za a kashe kafin a sanyaya na farkon ya kamo na biyun. Ka nuna musu masallacin Dandaji da Mariam Kamara da abokiyar aikinta suka gina da matsattsen tubalin ƙasa, da ayyukan Francis Kéré na Burkina Faso wanda ya ci Pritzker, babbar kyautar masu zanen gine-gine, a 2022, don su daina ganin ƙasa kayan talauci ce. Ka kuma faɗa musu gaskiya: ƙasa ba ta son ruwa a gindi ko a ka, kuma gidajen da ambaliya ta fi rushewa na laka ne marasa tushe. Wannan matsala ce ta injiniya, ita ce kuma aikinsu.

Abin da manoma suka koya wa masana

Sati ɗaya ka keɓe wa sassabin zamani, ko da wani zai ce wannan na ƴan aikin gona ne. Bayan farin shekarun 1970 an zuba kuɗi mai yawa wajen renon itatuwa da dasa su, yawancinsu suka mutu. A nan Maradi aka yi babban taron ƙasa kan yaƙi da hamada a 1984, zamanin Seyni Kunce. A daidai wannan lokacin wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki da manoman jihar nan, ya lura cewa ƴan tsirran da ake sassabewa kowace bazara ba ciyawa ba ce, kututturan itatuwa ne masu rai da saiwa mai zurfi. A zaɓi tsiro kaɗan masu ƙarfi, a datse sauran, a kare su daga dabba da gatari, shi ke nan. Kalgo, sabara, gawo suka dawo gonaki. Masu bincike da hotunan tauraron ɗan Adam sun ƙiyasta wajen hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200, mafi yawa a jihohin Maradi da Damagaram.

Abin da injiniya zai ɗauka a nan biyu ne. Dabarar da ta ci ba ita ce mai tsada ba, ita ce wadda mai gona zai iya da addarsa ba tare da jiran kowa ba. Kuma ba ta yaɗu sosai ba sai da manomi ya fara sakankancewa cewa itacen da ya rena nasa ne, ba za a ci shi tara in ya sari reshe ba. Doka da mallaka suna cikin injin. Ɗalibin da ya gane wannan, gobe in ya kafa famfo a ƙauye zai tambayi wa ke da shi, wa ke karɓar kuɗin ruwa, wa zai sayi kayan gyara, a wace kasuwa. Duk mun ga shato a tsaye babu ruwa, ba don injiniya bai iya lissafi ba.

Doka kuwa, ka ba ta awa uku ko huɗu, ka kuma sayar musu da ita a matsayin abin neman abinci, don haka take. Akwai dokar kula da muhalli ta 1998, akwai ta 2018 da ta tsara binciken tasirin ayyuka a kan muhalli, akwai ofishin ƙasa da ake kira BNEE mai duba waɗannan rahotanni. Babban aikin hanya ko layin wuta ko madatsa ba ya samun kuɗin manyan bankunan raya ƙasa sai da wannan binciken. Kada ka sa su haddace sassan doka. Ka samo rahoto ɗaya na gaske, ka raba musu babi-babi, su nemo inda aka auna da inda aka kwafo. Dokar 2014 da ta hana ledoji marasa kauri ma ka kawo ta, ka ce su leƙa kasuwa su dawo su yi bayanin abin da ya sa takarda ita kaɗai ba ta isa ba.

Ba labo, ba mota

Wannan bai kai yadda kake tsoro ba. Duk abin da na lissafa a sama ana zuwa da ƙafa ko a kan kabu-kabu. Mitar awo, igiya mai ƙulli don zurfin rijiya, bokiti da agogon waya don auna zubar ruwa, ma'aunin zafi na ƴan jikkuna kaɗan, sikelin kasuwa don auna sharar gida ɗaya ta sati. Google Earth kyauta ne, yana kuma nuna tsofaffin hotuna, sai su ga yadda kwazazzabo ya ci gaba ko unguwa ta cinye gona. Ka raba su rukuni-rukuni, ka cakuɗa masu gini da masu lantarki, kowane rukuni ya ɗauki abu ɗaya: kanibo ɗaya, ramin da aka ɗebi jar ƙasa aka bari ya zama kududdufi, tazarar masai da rijiya a layi ɗaya, ruwan da ke fita daga majema. Gani ya kori ji. Amma kafin su shiga unguwa ka je da kanka wurin mai unguwa ka gaishe shi, ka kuma gargaɗe su kada su ɗauki hoton gidan kowa ba izini, kada su yi wa kowa alkawarin gyara. Ramukan haƙar zinariya irin na wajen Ɗan Isa, inda rami ya rufta da mutane a watan Nuwamban 2021, a aji za ku tattauna su, kada ka tura ɗalibi can.

Jarabawa ita ce za ta nuna musu ko da gaske kake. In ka koyar da lissafi sannan ka tambayi ma'anar ci gaba mai ɗorewa, baɗi ƙannensu za su san haddar ce ke ci. Ni rabin maki nake ba aikin fili, rabi jarabawar lissafi. A rahoton fili abu uku nake nema: adadin da suka auna da hannunsu, zaɓi biyu aƙalla da kuɗin kowane, da amsar wa zai ɗauki asarar in aikin ya lalace bayan shekara goma. Rahoton da ya ƙare da "ya kamata gwamnati ta wayar da kan jama'a" ina mayar wa masu shi su sake.

Muradun 17 da yarjejeniyar Paris ba cewa na yi ka zubar ba. Ka ajiye su zuwa satin ƙarshe, lokacin da kowane rukuni ke da abin da zai rataya musu. Za su bukaci wannan yaren in sun je neman aiki ko rubuta takardar neman kuɗi.

Sai dai kada in ruɗe ka. Awa 30 ba ta yin ƙwararren muhalli, kuma bokiti da igiya ba sa gano fulor ko dalma. Wannan sai labo, kuma wani ɓangare na aikinka shi ne ɗalibi ya san inda awonsa ya tsaya, ya san ranar da dole ya kira masanin ruwan ƙasa ko na sinadarai. Darasi guda a gefe kuma ba ya jure wa sauran darussa in duk suna koyar da cewa kankare ne amsar komai. Gyaran gaske shi ne lissafin muhalli ya shiga cikin darasin hanyoyi da na magudanai da na injuna, amma wannan ba a hannun sabon malami yake ba, kuma in ka kai shi taron malamai a shekararka ta farko za a ce yaro ya zo da rawar kai. Ka nemi dattijo ɗaya cikin malaman sashen, ka kai masa lissafi ɗaya da ka riga ka shirya har da amsarsa, ka roƙe shi ya sa a aikin gida na darasinsa. Yawanci ba sa ƙi, tunda ka rage musu aiki. Wanda ya fi duka wuya shi ne abin da ke jiran ɗaliban a waje: ɗan kwangilar da zai ce a tsallake gwajin ruwa don wa'adi ya matso, ga yaro sabon ɗauka, albashinsa na hannun mutumin. Ba ka da ikon hana wannan. Abin da za ka iya shi ne ka koya musu rubuta ƴar takarda mai shafi ɗaya, mai kwanan wata da sa hannu, da ke cewa ga gwajin da ya rage, ga kuɗinsa, ga abin da zai iya biyo baya in ba a yi ba, su kuma riƙe kwafi. Ka sa su gwada rubuta ta a aji, wani ya zama ɗan kwangila, wani injiniya.

Tunda shekara ta riga ta yi nisa, ba sai ka rushe tsarinka duka ba. Darasi mai zuwa ka shiga da labarin Tibiri da lissafin gauraya ruwa, ka sanar cewa rabin makin da ya rage na aikin fili ne, ka raba rukunin a ranar. In sun kawo rahotanninsu, ka turo mani biyu, mafi kyau da mafi rauni, mu duba tare kafin ka tsara na baɗi.